Filtar gas mai kwalba a ƙasa: me ake wankewa, me ake jefarwa, kuma yaya ake mayar da ita?

Tambaya: Wani mai tarakta daga yankin Kura ya aiko da wannan: "Ina da Massey Ferguson 375. Tun shigowar damina nake ganin ruwa da wani baƙin datti a kwalbar da ke ƙasan filtar gas, kuma da an sa haro sai injin ya riƙa shaƙewa. Direbana ya kwance filtar, ya wanke ta da fetur, ya kai wurin mai faci aka hura mata iska, ya mayar. Yanzu gas na ɗiga ta gefe, kuma da safe sai an sha wuya kafin ta tashi. Za mu iya gyarawa da kanmu, ko sai na sayi sabuwa gaba ɗaya, da kanta da kwalbarta?"

Amsa: Alhaji, za ku iya da kanku, kuma da wuya a ce sai ka sayi sabuwa gaba ɗaya. Kan filtar, da kwalbar, da gindin da ke riƙe da ita, da dogon notin tsakiya, duk ana wanke su a mayar, su ƙara shekaru suna aiki. Abu biyu ne ba sa komawa: gwangwanin takarda da ke tsakiya, wanda direbanka ya wanke, da robobin da ke tsakanin sassan. Kafin komai dai, ina roƙonka ka ajiye taraktar nan har a yi wannan aiki. Na san lokacin haro ne, kuma manoma na jiran layi, amma kowace awa da take aiki da waccan takarda, injektarka, wato famfon da ke tura gas da matsi zuwa nozul, ita ce ke biyan kuɗin.

Dalilin wannan gaggawa shi ne irin injektar da ke kan waɗannan injinan Perkins. Mai juyawa ce, ƙirar kamfanin CAV da ake kira DPA, kuma babu baƙin mai ko ɗigo a cikinta. Gas ɗin da take turawa shi ne kuma yake shafe ƙarafanta yana hana su cin juna. Idan ruwa ya shiga, sai ƙarfe ya goga ƙarfe a bushe, idan kuma ruwan ya kwana a ciki sai tsatsa ta kama wuraren da aka goge su sumul tun daga masana'anta. Ƙura ma haka, tana kankare su a hankali har matsin ya ragu, injin ya fara wuyar tashi idan ya yi zafi. Kuɗin gyaran injekta ɗaya da nozul huɗu ya isa ya saya maka filtar shekaru masu yawa.

Filtar da ke kan taraktarka ita ce wadda aka fi sani da lamba 296. Asalinta ta kamfanin CAV ce na Ingila, wanda ya koma Lucas, daga baya a shekarar 2000 ya shiga hannun Delphi, shi ya sa yanzu za ka ga an rubuta HDF296 a kwalin. Ta Perkins lambarta 26561117, ta Fleetguard FF167, ta Baldwin BF825, duk abu ɗaya ne. Akwai doguwarta mai lamba 796, wadda ba za ta shiga da notin da kake da shi ba, don haka ka sa yaro ya riƙe tsohuwar a hannu idan zai shiga kasuwar Kofar Ruwa ta Kano saye.

Yadda take aiki shi ne abin da direbobi da yawa ba su sani ba, kuma a nan kuskuren yake farawa. A yawancin haɗin da ke kan waɗannan taraktoci, gas yana shigowa ta kan filtar, ya gangara ta cikin takardar daga sama zuwa ƙasa. Takardar na tare datti, tana kuma tara ƙananan ɗigon ruwa su haɗu su yi girma. Da sun fito ta ƙasa sai nauyi ya ja su zuwa gindin kwalba, domin litar gas ba ta wuce giram 840 ko kusa da haka ba, litar ruwa kuwa giram 1,000 ce cif. Gas mai tsabta sai ya juya ya hau ta bututun da ke tsakiyar gwangwanin ya wuce injekta. Ka lura da ma'anar wannan: man da ke cikin kwalba ya riga ya wuce takarda. Duk abin da aka bari a kwalbar nan lokacin haɗawa, ko zaren tsumma ne ko ƙwayar yashi, babu sauran abin da zai tare shi sai filta ta biyu, idan taraktar na da ita.

Saboda haka ruwa a kwalba ba laifi ba ne, alama ce filtar na aikinta, a zubar kawai. Baƙin datti a kwalba kuwa magana ce daban. Ko dai takardar ta yage, ko ƙaramar robar tsakiya ta mutu mai na zagaye takardar, ko an taɓa juya fayif ɗin shiga da na fita, ko kuma ruwan ya daɗe a wurin har ƙwayoyin halitta sun tsiro a cikinsa. Akwai ƙwayoyin da ke rayuwa daidai inda ruwa ya haɗu da gas, suna cin man, suna barin wani baƙin abu mai yauƙi da wari. Ka shafa dattin a yatsa: idan yana ƙaras-ƙaras, yashi ne ko tsatsar tanki, idan yana santsi yana jawuwa, waɗannan ƙwayoyin ne, kuma gidansu na ainihi yana cikin tanki.

Game da wanke takarda, direbanka ba shi kaɗai ke yi ba, ana yi a gareji da yawa, kuma yana damuna ƙwarai domin a ido abin kamar ya yi kyau. Ramukan takardar nan ba su kai maikuron 10 ba, alhali kaurin silin gashin kai ya kai wajen maikuron 70. Dattin da ya toshe ta ba a samanta yake kwance ba, ya nutse cikin zarurrukanta, fetur ba ya fito da shi. Iskar kwamfaresa kuwa ba ta san rami da bango ba, inda takardar ta yi laushi nan take fasawa. Sai a mayar, a ga mai na wucewa da sauri, a ce ta wanku, alhali ɓulewa ta yi. Takardar da ta sha ruwa ma ta kumbura, ko an shanya ta ba ta komawa yadda take. A jefar da ita, kuma a murƙushe gwangwanin kafin a jefar don kada wani ya tsinta ya wanke ya sayar.

Wajen saye a yi hattara, araha ba ta ado. Ka ɗaga gwangwanin ka leƙa ta ramukan sama: takardar ta zauna daram, gam ɗin da ya riƙe ta ya zagaye ko'ina, ba ta girgiza idan ka kaɗa. Bakin gwangwanin sama da ƙasa ya zama a miƙe, ba lanƙwasa. Robobi su zo cikin kwalin: manya na sama da ƙasa, da ƙanana guda biyu. Idan taka mai kwalbar gilashi ce da gindin alminiyam a ƙarƙashinta, akwai ƙarin roba tsakanin gilashin da gindin, ka tabbata an ba ka ita. Idan filta biyu ce a jere a taraktar, saya biyu, tunda ta biyun ta sha abin da ta farkon ta saki.

To, ga aikin. A yi shi injin na sanyi, a inuwa, inda iska ba ta kwaso ƙura, ba a tsakiyar gona ba. Kafin a taɓa sifana, a wanke bayan filtar da kewayenta tas da buroshi da gas, a goge, domin ƙasar da ta taru a kan filta ita ce ke zubowa ciki da an buɗe. A rufe makullin mai na ƙasan tanki. Idan filtar na kusa da sitata a cire kan batir, kuma kada mai sigari ya matso. A tara kwano mai tsabta, a buɗe notin zubarwa na ƙasa, a ɗan sassauta notin cire iska na sama don man ya sauko. Wannan man na farko a zuba shi a gorar ruwa mai haske a ajiye gefe, zai yi amfani an jima.

Sai a sa hannu ɗaya a tallafe kwalbar, ɗaya hannun ya kwance dogon notin tsakiya daga sama, yawanci sifana 11 ke kama shi. Gwangwani da kwalba da gindi za su sauko tare. Idan sun manne a ɗan murɗa su da hannu, kada a sa sukundireba a tsakani a ɓanɓare, bakin gilashin zai tsage. A jera su a kan kwali mai tsabta yadda suka fito.

Kwalbar gilashi a wanke ta da gas mai tsabta, ko da ruwa da sabulu idan yauƙin ya kama, amma sai ta bushe ƙayau kafin ta koma. Idan ta roba ce mai haske, irin wadda ke kan wasu janareta da manyan motoci, kada fetur ko tina ya taɓa ta, suna sa ta yi hazo ta tsattsage. Gindin alminiyam shi ya fi ɓoye datti: a cire notin zubarwa gaba ɗaya, a zura siririn tsinke a ramin, a goge lungunan da tsohon buroshin haƙori. Za ka ga wani farin gari-gari a inda ruwa ya daɗe, cin da ruwa ya yi wa alminiyam ne; a kankare shi a hankali, a duba ko ya ci har inda roba ke zama. A ɗauraye komai da gas a bar shi ya tsane da kansa. Tsumma mai zubar da zare kada ya shiga ciki ko kaɗan.

Yanzu sai kan filtar, inda nake kyautata zaton ɗigon naka yake. Ka sunkuya da tocilan waya ka leƙa ƙarƙashinsa, ko ka sa madubi. Akwai kwarmi zagaye a bakinsa, a ciki babbar robar sama take zama. Tsohuwar takan taurare ta yi baƙi ta manne har mutum ya ɗauka jikin ƙarfen ce, sai ya ɗora sabuwa a kanta, ko ya mayar da gwangwani a kan tsohuwar da ta riga ta ɗauki shatin wani zaman. A ciro ta da tsinken itace ko wani abu mara kaifi, domin idan ƙusa ta karce kwarmin ba zai ƙara riƙe mai ba. A bi kwarmin da yatsa a tabbata babu ɓurɓushin da ya rage. A tsakiyar kan kuma akwai ɗan bututun da ya leƙo ƙasa, da ƙaramar roba a wuyansa. Wannan 'yar robar ita ce ta raba mai datti da mai tsabta. Ba ta ɗiga a waje, don haka ba wanda ke tunawa da ita, amma idan ta mutu filtar ta zama ado kawai. A canza ta. Ɗaya ƙaramar tana ƙarƙashin kan dogon notin, a canza ta ita ma.

Wajen sa sababbin, a shafa musu gas kaɗan. Babbar robar sama a cikin kwarmin kan filta ake tura ta, a bi ta da yatsa har ta zauna ko'ina ba tare da ta murɗe ba. Ba a kan gwangwanin ake ɗora ta ba. Wannan kuskure ne da ake yawan yi, saboda saman gwangwanin yana da wani zagaye da ya yi daidai da ita, kuma a wannan zagayen ramukan shigar mai suke. Idan ta kwanta a nan sai ta toshe su, a yi ta buga famfo mai bai zo ba, ko injin ya tashi ya mutu da an taka totur. Manyan robobin kuma sukan ɗan bambanta da juna a faɗi, a gwada kowacce a mazauninta kafin a tura, wadda ta shiga ba tare da an ja ta ko an cusa ta ba ita ce ta wurin.

Sannan a haɗa daga ƙasa: gindi, roba, kwalba, roba, gwangwani, a ɗaga su tare a miƙe, bututun tsakiya ya shige ramin gwangwanin. A fara ɗaura dogon notin da yatsu, ana ɗan juya gwangwanin hagu da dama don ya sami mazauni. Idan ya zauna sai a ƙarasa da gajeriyar sifana, yatsu biyu sun isa. Ƙarfin damtse ba ya tsayar da ɗigo a nan, sai dai ya fasa gilashi, ko ya lanƙwasa gindi, ko ya cinye tiredi. Idan an ɗaure daidai kuma yana ɗiga, roba ce ba ta zauna ba, a kwance a sake. Notin zubarwa da hannu ake ɗaure shi, ba da filaya ba, kuma yana da 'yar robarsa da ya kamata a duba.

Kada a sa gam ko kaɗan, kada a naɗa farin tef na masu gyaran famfo, kada kuma a yanko roba daga tsohon tif na taya. Gam da tef suna gutsurewa su bi mai, robar tif kuwa gas na kumbura ta ta ruɓe cikin 'yan kwanaki. Idan an kwance fayif, notocinsu masu huda a ciki suna da wosha ta jan ƙarfe sama da ƙasa. Sababbi sun fi, idan babu sai a gasa tsofaffin a wuta har su yi ja, a bar su su huce, a goge fuskarsu a kan sanfefa mai laushi, za su sake yin taushi su kama. A duba kibiyoyin da ke jikin kan filtar, mai nuna ciki ta shiga ce, mai nuna waje ta fita.

Wuyar tashi da safe da ka ambata daga wannan ɗigon take. Inda mai ke fita da rana, nan iska ke shiga da dare, man ya sulale ya koma tanki, da safe injekta ta tarar da kumfa. Idan ɓular tana tsakanin tanki da ƙaramin famfon da ke jawo mai, ba za ka ma ga ɗigo ba, iska kawai take zuƙa, don haka a bi tiyo da mahaɗan wannan ɓangaren da kyau.

Cire iska kuma bi da bi ake yinsa. A buɗe makullin tanki, a sassauta notin iska na kan filta, a riƙa buga hannun ƙaramin famfon da ke gefen injin, ana kallon kwalbar tana cika, har mai ya fito ba kumfa, a ɗaure ana cikin bugawa. Idan hannun famfon ya yi sakwaf ba ya jan komai, ba lalacewa ya yi ba, injin ne ya tsaya a inda ya danne shi. A juya injin zagaye ɗaya a sake gwadawa. Daga nan a koma jikin injekta, akwai ƙananan notoci biyu da sifana 8 ke kamawa, na ƙasa a jikinta da na sama a murfinta. A fara da na ƙasa, sannan na sama, kuma a lallaɓa su, suna karyewa da wuri. A ƙarshe a sassauta fayif biyu a bakin nozul, a mayar da kan batir idan an cire, a tabbata an tura wayar kashe inji ciki, a buɗe totur, a buga sitata kamar daƙiƙa 15 a huta, har mai ya fara tsartuwa, a ɗaure a tayar. A nan ina gargaɗi da babbar murya: kada kowa ya sa yatsa ko tafin hannu a bakin waɗannan fayif don jin ko mai na zuwa. Matsinsa na iya huda fata ya shiga nama, kuma wannan rauni ne na asibiti a take, ko da ramin bai fi na allura ba. Idan ta tashi a bar ta ta yi minti goma, a goge filtar ta bushe, a zagaya ta da farar takarda a ga ko za ta jiƙe.

Koma kan gorar nan da aka ajiye. Idan ruwa ya kwanta a ƙasa da yawa, ko man ya ƙi washewa ya tsaya fari-fari, to sabuwar filtar ma ba za ta daɗe ba sai an bi ta kan tanki. A zuƙe shi, a kwance makullin ƙasa a wanke 'yar ragar da ke kansa, idan akwai yauƙi a sauke tankin a wanke shi sosai. Ruwan da man da aka zubar kada su shiga gona ko hanyar ruwan ban-ruwa. Ruwa ta hanya uku yake zuwa: daga jarka da duron da ake sayo mai a ciki, daga murfin tankin da robarsa ta mutu ruwan sama na bi, da kuma raɓar da ke taruwa a bangon tankin da ya kwana rabi. Shi ya sa cika tanki da yamma bayan an tashi aiki ya fi cika shi da safe. Duro kuma a bar shi ya kwana bai motsa ba kafin a ɗiba, a ɗan karkata shi, kada tiyo ya kai gindinsa, kuma a ajiye shi yadda ruwan sama ba zai taru a kan murfinsa ba. Mai daga hannun 'yan bumburutu, idan ya zama dole, a zuba kaɗan a gora a duba tukuna. Wanda aka surka da kananzir ba ya nuna ruwa, amma ya fi gas tsinkewa kuma ba ya shafe injekta yadda ya kamata.

Littattafan waɗannan injina suna cewa a canza takarda wajen kowace awa 500. Da irin man da muke samu da ƙurar da tarakta ke sha, ni ina ba da shawarar rabin haka, da kuma sabuwa a farkon kowace damina. Kwalbar kuwa direba ya leƙa ta kowace safiya kafin ya tayar, lokacin ruwan ya kwanta, ya buɗe ƙasa har gas zalla ya fito. Kada ruwa ya taɓa kaiwa gindin gwangwanin.

Sabuwa gaba ɗaya sai idan kan ya tsage a bakin ramin fayif, ko tiredi ya cinye, ko kwarmin roba ya ciwu ya yi ramuka. Kwalbar da bakinta ya ɓantare ana sayenta ita kaɗai. Idan an gama duk wannan kuma tana nan tana shaƙewa a ƙarƙashin haro, a buɗe murfin ƙaramin famfon nan a wanke ragar da ke ciki, a duba hudar iska ta murfin tanki ko laka ta toshe ta. Idan waɗannan ma lafiya lau ne, to abin ya riga ya kai ga injekta, a cire ta tare da nozul ɗin a kai wa masu injin gwaji, kada a bari a buɗe ta a gona.